Zazzaɓin Motar Baba

Dogon Dutsi, 3 ga Afrilu, 1952

Zuwa ga taubashina Gado, makaniki a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da baƙin man da ke ƙarƙashin farcenka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Gwaggo, tsohuwarka, tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa ka san bai taɓa ciwo ba.

Bayan gaisuwa, ka nemi wuri ka zauna.

Ran Talata aka aiko daga Matankari cewa matarka Altine ta ga jini. Ba naƙuda ba ce, cikin bai wuce wata bakwai ba, kuma ba ta ji ciwo ko kaɗan ba. Tashi kawai ta yi daga tabarma ta ga zaninta ya jiƙe. Kafin in isa ya tsaya. Na same ta tana tsinkar zogale, tana yi mini dariya wai na zo da jaka kamar mai tallan turare. Ɗan yana motsi, na ji bugun zuciyarsa da kunnena.

Da ban je Dakar ba, da ni ma na taya ta dariya. Amma shekara uku aka yi a makarantar ungozoma ana koya mini tsoron jinin da ke zuwa ba ciwo. Mabiyiya ce ta sauko ta zauna a bakin hanyar da ɗan zai fito. Jinin zai dawo, kowane zuwa ya fi na baya, ranar naƙuda kuwa ba zai tsaya ba. Wannan ya fi ƙarfin hannuna. Sai an buɗe ciki an ciro ɗan, kuma ba inda ake yin haka sai Yamai, kilomita ɗari biyu da saba'in daga nan.

Kamiyon wasiƙu, babbar motar nan ta gidan waya, sau ɗaya yake wucewa a mako, mutane a kan buhuna, kwana biyu a hanya. Girgizarsa kaɗai ta isa ta buɗe jinin. Motar bariki tana rangadi sai faɗuwar damina. Saura motar Baba.

Tun rasuwar Baba, tsohon direbansa Rabo bai fasa goge ta kowace safiya ba, ko da ba za ta ko'ina ba. Daga waje sai ka ce amarya. Amma ran Talata sau uku muka tsaya tsakanin nan da Matankari, tafiyar da bara ba ta kai mu minti arba'in ba. Allurar zafi ta hau ja, tururi na fita ta hanci, cikinta na ƙugi kamar tukunyar dahuwar wake. Na tambayi Baba Rabo, ya ce tsufa ne. Na ce shi ma ya tsufa, ban taɓa ganin ya tafasa ba.

Akwai kuma surukarka, Inna Sa'a. Ta ce ɗan fari a gidanku aka rasa shi, wannan a ɗakinta za a haife shi. Ta je Lugu wurin masu duba, an gaya mata kada ɗiyarta ta haihu ƙarƙashin rufin kwano. Na yi mata bayani da zane a ƙasa. Ta duba zanen da kyau, ta ce na iya zane.

Inna ni zan ji da ita. Motar ce ban san kanta ba. Na san zazzaɓin mutum, ban san na ƙarfe ba. Rubuto mini abin da zan duba, ɗaya bayan ɗaya, kamar kana koya wa wadda ba ta san komai ba. Ka adana wannan layin, ba za ka sake jin irinsa daga bakina ba.

Uwargijiyarka,
Zalihatu


Damagaram, 12 ga Afrilu, 1952

Zuwa ga Zalihatu,

Ina gaisuwa. Ina gaida tsohuwa, ina gaida Inna da mutanen Matankari duka. Ni lafiyata ƙalau, amma tun jiya abinci ya ƙi wucewa.

Kin ce in zauna, ban zauna ba. A tsaye na karanta. Na je wurin mai garaji na roƙi izini, ya ce sai ayarin Agadas ya je ya dawo, don ba mai duba manyan motocin sai ni. Na kusa ajiye masa aikinsa, sai na tuna ko na taso yau a ƙafa ba ni da abin da zan ɗauke ta da shi. Ki ce wa ƙanwar taki, matar tawa, ina nan tafe da zarar an sake ni.

Ga abin da za ki yi. Da safe, kafin a tada mota, ki buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan da ke gaba. Ruwa ya kamata ya kai wuya. Ki duba ƙasa inda ta kwana ko akwai danshi.

Ki zaro sandar mai ki shafa a farin ƙyalle. In baƙi ne, alhamdu lillahi. In ya yi kalar fura, ruwa ya shiga inji ke nan, ki bar maganar motar nan gaba ɗaya.

Ki leƙa saƙar lagireto ta gaba. Ƙaiƙayi da fara da ƙarangiya suna toshe ta, iska ta kasa wucewa. A wanke daga baya zuwa gaba. Cikinsa kuma ruwan rijiyarmu yana barin tsakuwa fara. A jiƙa kanwa a tace, a zuba, a bar inji ya yi ɗumi, a zubar. Sau uku.

Bayan lagireto akwai fanka mai fukafuki huɗu. Ki ga ko wani ya lanƙwashe, ki kama ki girgiza ki ji ko tana lilo. Bel ɗaya ne yake juya fanka da famfon ruwa da dinamo mai ba da wuta. Ki danna shi da babban yatsa, kada ya nutse fiye da faɗin yatsan. Amma ban damu da shi ba. Ni na sa shi sabo da hannuna bara waccan, na roba mai kyau, zai yi shekara biyar.

Abu biyu kada a yi, don Allah. Kada a buɗe murfi tana tafasa, zai dafa fuskar mutum. Kada a ɗura ruwan sanyi cikin inji mai zafi, zai tsage. A jira ta huce. In ta huce a ba ta ruwa, kada a yi mata rowa.

Maganar Inna kuwa, kin san shekara huɗu ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba. In na hango ta a hanya, wata hanyar nake bi. Ta yaya zan aika mata da umarni a takarda? Ki tura tsohuwa ta je, su tsofaffi sun san yadda suke kada juna.

Zalihatu, ki yi mini ba'a yadda kika ga dama, na yarda ni bawanki ne har da jikokina. Ki kai ta Yamai kawai.

Gado


Dogon Dutsi, 21 ga Afrilu, 1952

Gado,

Gaisuwa, da fatan abinci ya fara wucewa. Gwaggo lafiya. Altine tana nan gidana yanzu, a kwance, na hana ta ko ɗaukar buta.

Na yi duk abin da ka ce, mutanen unguwa sun sha kallo. Ruwa yana wuya, ƙasa a bushe. Mai baƙi ne ƙirin. Daga saƙar lagireto mun fitar da fara da za ta ishi mutum biyu. Kanwa ta wanko laka ja da farar tsakuwa cikin ƙwarya guda. Fukafukan fanka huɗu ne, ba wanda ya karye, ba lilo. Bel na danna shi da safe da dukan ƙarfina, yana nan tamau kamar tsirkiyar baka. In mutum ne sai in rubuta masa takardar lafiya in kore shi.

Ran Alhamis jinin ya dawo, ya fi na farko sau biyu. Gwaggo ba ta ma kai ga zuwa ba. Inna da kanta ta wanke zannuwan, da ta gama shanya ta ce, "Zo da ƙarfen naku." Ta yarda da Dogon Dutsi, Yamai kuwa ta ce a bari tukuna. Na karɓa.

Ga yadda tafiyar ta kasance, na rubuta kamar yadda nake rubuta zazzaɓin majinyaci. Da sassafe muka je Matankari lami lafiya, allura ba ta wuce tsakiya ba. Da hantsi muka ɗauko su. Kilomita tara lafiya. A cikin rairayin nan na bayan gonakin Buba allura ta fara hawa, Baba Rabo ya tsaya. Ya buɗe gaba, ya sauko da garwa, ya yi ta yayyafa mata ruwa da hannu, a saƙa, a fanka, ko'ina, yana lallashinta kamar dokin da ya dawo sukuwa. Na ce ka hana ruwan sanyi. Ya ce, "Ciki ya hana, ɗiyar maigida. Wanga wanka ne. Shi ma ya ce kada a yi mata rowa." Haka kuwa ka rubuta.

Bayan wankan farko, kilomita huɗu ta tafasa. Wanka na biyu, kilomita biyu. Na uku, biyu ba ta cika ba. In majinyaci ne da na ce maganin ne ke ƙara masa ciwo, amma Baba Rabo ya ce shekara goma sha huɗu yana yi mata wanka ba ta taɓa ƙi ba. Akwai wani kuka siriri da take yi in ya taka, kamar ɓera a rumbu. Akwai kuma wari, irin na babbakar kan rago ranar Layya. Altine ce ta fara ji, ta ce ya tayar mata da zuciya.

A tsayawa ta huɗu ba inuwa ko ta aduwa. Inna ta leƙo ta ce, "Rabo, da jaki muka hau ai da mun yi azahar a gari." Ya ce, "Jaki ba shi da kujera, Sa'a." Ta ce, "Ba shi kuma da zazzaɓi." Altine ta yi dariya, ni kuwa idona na kan zaninta, ina jiran in ga ja. Awa uku muka yi a kilomita goma sha bakwai. Ka yi lissafin Yamai da kanka, ni na yi, ban so abin da na samu ba.

Na karanta wa Altine takardarka, na tsallake maganar abinci. Me ya rage ban duba ba?

Zalihatu


Dogon Dutsi, 1 ga Mayu, 1952

Gado,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Kamiyon wasiƙu ya zo ya wuce, ba takardarka. Na tsaya a gidan waya har ma'aikacin ya juye buhu a gabana ya kakkaɓe.

Da na karanta wa Altine cewa kana nan tafe da zarar an sake ka, rabin farko kaɗai ta ji. Kowace mota ta yi ƙugi a bakin kasuwa sai ta ɗaga kai ta gyara ɗankwali. Ban gyara mata fahimta ba, don yana sa ta cin abinci. Har ni na fara zaton shirun naka na mai tafiya ne. In kana hanya, to. In kana zaune ne kana tunani, ka sani tunaninka ba ya juya fanka.

Na duba cikin idonta yau, fari ne kamar auduga. Ba ta da jinin da za ta ƙara zubarwa sau biyu. Inna ta daina maganar rufin kwano, ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa.

Mun sake gwada motar shekaranjiya a hanyar Dosso, ba kowa a ciki sai ni da Baba Rabo. Labarin bai sake ba. Na lura ba ya son in tsaya kusa in ya buɗe gaba, kullum sai ya aike ni neman wani abu. Ban san ko kishi ne ba.

Ina karɓar haihuwar matan mutane da safe kamar kullum. In na dawo gida na ga ta yi barci, sai na tsaya na ga ƙirjinta ya ɗaga kafin in cire takalmi. Ka rubuto.

Zalihatu


Damagaram, 29 ga Afrilu, 1952

Zalihatu,

Ina gaida kowa. Yau da hantsi muka shigo daga Agadas, na tarar da takardarki ta ashirin da ɗaya. Ko wanka ban yi ba.

Roba ba ta warin babbaka. Fata ce ke yi.

Bel ɗin da ke motar nan ba wanda na sa ba ne. Na rantse nawa ya tsinke, wani baduku ya yanka na fata aka shafe shi da baƙin mai. Laifina ne da na ce miki kada ki damu da shi. Kin danna shi da safe yana bushe, dole ki ji shi tamau. Fata in ta sha zafi tana saki kaɗan, allura ta ɗan hau. Sai a yi mata wanka, fanka ta watsa ruwan a kan bel, ya jiƙe ya miƙe ya yi santsi. Daga nan inji na gudu, bel na zamewa, fanka da famfo suna juyi kamar masu jin barci. Kukan ɓeran da kika ji shi ne. Kafin safiya ya bushe ya koma tamau. Kin faɗi gaskiya, maganin ne ke ƙara ciwon. Da yana wankanta ba ta ƙi ba don roba ba ta damu da ruwa ba.

Ki karce shi da farce ki gani. Amma kada ki yi wa Baba Rabo faɗa a gaban mutane. Shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari.

Na sami na roba, zan ba wani direba da zai taso ran Asabar. In za a iya jira, a jira shi. In ba za a iya ba, ga abin yi. Baduku ya yanka uku daga fatar sa mai kauri, jemammiya, a rataya musu dutse su gama miƙewa tun a gida. A shafa musu garin ƙaro ta ciki don su kama. A cire marfin gefen inji biyu iska ta shiga. Ƙaramin bututun da lagireto ke amai ta cikinsa, a lanƙwasa shi ya kalli waje, kada ya ɗiga a kan bel. Ku tashi da asuba. Duk tsayawa a sassauta dinamo a ja shi baya a ɗaure, bel ya yi ƙarfi. In allura ta hau ja, a juya hancinta wajen iska a jira. Ba wanka. Ko ɗigo.

In bel ya tsinke ba wani, a tsaya. Inji ba fanka ba famfo ba ya wuce minti goma, zai ƙone ya kame, ba mai sake tada shi, ku zauna a daji. A tsaya a jira wata mota. Kin ji ni, Zalihatu, a tsaya.

Ki ce wa ƙanwar taki ban manta da turmin atamfar da na yi alkawari ba. Ban san abin da zan ce ki gaya mata ba bayan wannan.

Gado


Yamai, 13 ga Mayu, 1952

Gado,

Altine tana da rai. Ɗiya mace ce, ita ma tana da rai. Yanzu sai gaisuwa: ina gaishe ka, Inna ta amsa gaisuwarka, karo na farko da na ji ta ambaci sunanka.

Na buga maka wayar telegiram ran Asabar, amma kalma biyar ba sa ɗaukar labari, ga sauran.

Takardarka ta ashirin da tara, wadda ta yi saɓani da tawa a hanya, ta iso ran Laraba, bel ɗinka bai iso ba. Na kira Baba Rabo bayan gida, na buɗe gaban mota na karce da farce a gabansa. Ƙarƙashin baƙin, ja ne. Ya tsuguna ya cire hula. Ya ce tun damina ya tsinke a hanyar kasuwar Tibiri, Ɗantala baduku ya yanka masa wannan. Na ce me ya hana shi faɗi. Ya ce, "Ke kika ce in ta ƙara neman wani abu za ki ba maƙera su yi hauya da ita." Na faɗa kuwa. Ba'a nake yi. Shi bai san ba'a ba ce, ya yi wata tara yana ɓoye mini fata da baƙin mai. Ka raba laifin uku, ka ba ni kashi mafi girma.

Ɗantala ya yanka uku a ranar, muka rataya musu dutsen niƙa. Ran Alhamis da la'asar jinin ya zo na uku. Na cusa abin da zan iya cusawa na tsayar da shi, ban yarda ya tsaya ba. Da asubar Juma'a muka tashi. Altine a kwance a kujerar baya, ƙafafunta bisa buhun gero, kanta a cinyar Inna, ni a tsugune a ƙasa riƙe da wuyan hannunta.

Bel na farko ya kai mu Dosso, tsayawa biyu kacal. Kowace tsayawa Baba Rabo sai ya kai hannu ga garwa, in ce, "Baba." Ya janye, ya tsaya yana yi mata fifita da hularsa. Na biyu ya rabu a wurin ɗinki bayan Birnin Gaure, rana tsaka, ƙarfe ba ya taɓuwa. Ya ƙona yatsu uku wajen sa na ƙarshe. Na ukun ya yi ta miƙewa, muna ja da dinamo, har ba sauran wurin ja. Ya tsinke daidai dutsen da aka rubuta Yamai goma sha huɗu. Na ji ƙararsa a jikin ƙarfe kamar bulala.

Baba Rabo ya kashe mota. Ba kowa a hanya gaba da baya, tun Dosso motoci biyu kaɗai muka gani. Sai Altine ta yi hamma. Ta sake yi. Ta ce ƙishirwa take ji, ta ce wa ya rufe taga duhu ya yi. Tagogin a buɗe suke, rana ƙwal. Bugun da ke ƙarƙashin yatsana ya koma kamar zare. Na ɗaga zani na duba na mayar.

Na ce, "Baba, tada ta."

Ya ce, "Gado ya ce a tsaya."

Na ce, "Gado yana Damagaram."

Ya ce, "Mutuwa za ta yi, ɗiyar maigida."

Inna ta ce, "Wacce?"

Ya fita ya jira tururin ya lafa, ya cika lagireto da sauran ruwan, ya dafa ta da tafin hannu ya faɗi abin da ban ji ba, ya juya hannun tadawa. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. In hanya ta gangara sai ya kashe inji ya bar ta ta tafi da kanta, in ta miƙe ya tada. Allura ta wuce ja ta jingina da ƙarfe. Tururi ya fito, daga baya ya daina, don ba sauran ruwa. Sai ƙara ta fara, kamar ana daka a cikin injin. Inna na kiran Allah da Annabi da wasu sunaye da ba a kira a masallaci, ban hana ta ko ɗaya ba. Ni ina ƙirga duwatsun hanya da baki, tara, takwas. Minti gomanka ya wuce tun a bakwai.

A bakin gari ta yi wata irin shaƙuwa ta tsaya cik. Wasu Zabarmawa huɗu suna buga tubali a gefen hanya. Baba Rabo ya yi musu magana da yarensu, suka ciro kujerar baya da Altine a kanta, suka ɗora a kai suka ruga, laka na ɗiga daga hannuwansu. Ni da Inna muna binsu. Ban san tsohuwar nan na gudu ba.

Likita bai tsaya tambaya ba. Kafin magariba an ciro ɗiyar, ƙarama, amma ta yi kuka da kanta. An ɗebi jinina an ƙara wa matarka, saboda haka in ta fara mayar maka da magana ka san inda ta samo. Da aka gama na fita bayan ɗakin na zauna a ƙasa, hannun da na riƙe ta da shi ya ƙi buɗewa sai da wata ma'aikaciya ta ɓamɓare mini yatsu ɗaya ɗaya. In ka gaya wa wani, zan ce ƙarya kake.

Likita ya ce kwana uku za su nuna ko zazzaɓi zai shiga. Yau na huɗu, jikinta sanyi ƙalau. Ta sha kunu da safe ta ce tsaminsa bai kai na gida ba.

Motar tana inda ta tsaya. Wani makaniki ya duba ya ce injin ya zama dutse ɗaya. Baba Rabo yana zaune a inuwarta tun ran Juma'a, ya ƙi shigowa gari, yana jin za ka ce shi ya kusa kashe maka iyali. In za ka rubuto, ka sa masa layi biyu nasa na kansa, zan je in karanta masa.

Altine ta ce ba za ka yarda da maganata ba, don ka san ni da iya tsara zance. Ta sa na kawo mata kwalbar da nake tsoma alƙalami a ciki. Ga babban yatsanta nan a ƙasa, ita ta danna da ƙarfinta, har ta huda takardar kaɗan. Kada gabanka ya faɗi, tawada ce, ba jini ba.

Zalihatu